Sharhi: Ratar da ke Tsakanin Hauka da Damuwa

Sharhinmu na yau yana kan wani aiki da ake ɗauka na malaman jami'a ne da masu rubuta ƙamus, alhali kuwa ya shafi gidaje da yawa a kudancin Jihar Katsina. Aikin shi ne mayar da sunayen cututtukan ƙwaƙwalwa daga Turanci zuwa Hausa, ta yadda mutumin Ƙanƙara da na Faskari da na Sabuwa zai gane abin da ake nufi, ya kuma yarda a kira ciwonsa da wannan sunan.

Masu saurare sun fi ni sanin abin da ya sa na ambaci waɗannan ƙananan hukumomi uku. Ranar Juma'a 11 ga Disamba 2020 da daddare, 'yan bindiga suka faɗa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗaruruwan ɗalibai cikin daji a ƙasa. Ranar 17 ga watan aka sako 344. Kafin wannan, a watan Yuni na shekarar, an kai hari Kadisau ta ƙasar Faskari, an kashe mutane da dama. A 2021 gwamnati ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, sai mutum ya kwana ya tashi bai san halin da ɗan'uwansa yake ciki a ƙauye ba. A ƙarƙashin waɗannan manyan labarai akwai ƙananan da ba su shiga jarida: matar da aka sako bayan an sayar da gona an biya kuɗin fansa, manomin da sai ya biya haraji kafin ya girbe masararsa, tsohuwar da ta baro garinsu ta raɓe a gidan dangi a Funtuwa.

Raunin harsashi kowa ya san sunansa, ya kuma san inda za a kai mai shi. To yaron da ya dawo gida barci ya ƙaurace masa fa, wanda ko ƙarar babur ya ji sai ya zabura ya nemi maɓoya? Matar da ta daina magana, ta daina cin abinci, jaririnta na kuka tana kallonsa fa? Magidancin da ya koma haɗiyar ƙwaya don ya samu ya runtsa fa? Su me za a ce yana damunsu?

In aka yi mana wannan tambaya, kalmomi biyu ne ke riga sauran zuwa baki: ko a ce hauka, ko a ce damuwa. Lamarinmu ya zama na mai awon hatsi a kasuwar Ɗandume wanda ba shi da ma'auni sai buhu da cokali, babu tiya, babu mudu, babu gwangwani. Duk abin da aka kawo masa, ko dai ya yi wa buhun kaɗan, ko ya fi ƙarfin cokalin.

Hauka kalma ce mai nauyi. Da zarar an liƙa wa mutum ita, shaidarsa ta faɗi, cinikinsa ya tsaya, maganarsa ta zama abin dariya. Ba ta tsayawa a kansa shi kaɗai. Ranar da za a zo neman auren ƙanwarsa, masu bincike za su koma gida su ce ai gidan nan akwai hauka. Saboda haka iyali sukan gwammace su rufe marar lafiya a ɗaki shekara da shekaru da a ji an kai shi asibitin da ake kira na mahaukata. Damuwa kuma ta yi sauƙi da yawa. Mace ta ce tana da damuwa, sai a ce mata wa ya rasa damuwa a wannan zamani, ki yi haƙuri, ki ƙara tawakkali. An ba ta nasiha mai kyau, amma an sallame ta da ciwonta. Kalma ta farko tana hana a fito da marar lafiya, ta biyun tana hana a ɗauke shi marar lafiya.

Akwai binciken da ya nuna haka a fili. A 2004 wasu likitoci daga Kano, cikinsu har da Zubairu Iliyasu na Jami'ar Bayero, suka buga sakamakon tambayoyin da suka yi wa manya 250 a garin Karfi na ƙaramar hukumar Kura. Da aka ce su faɗi alamomin taɓin hankali, abin da suka fi ambata shi ne faɗa da ɓarna, yawan surutu, baƙon hali da yawon gari. Ku lura, duk alamomi ne masu ƙara, waɗanda unguwa ke gani. Wanda ya yi shiru a ɗaki yana zubar da hawaye bai shiga lissafi ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun ɗora laifin a kan shaye-shaye, wasu suka ce hukuncin Allah ne, wasu suka ce sihiri ko aljanu. Duk da haka, kusan rabinsu sun ce asibiti suka fi so a kai marar lafiya. Ashe mutane ba su rufe ƙofa ba.

To me likita yake gani a tsakanin buhun da cokalin? Yana ganin cututtuka daban-daban, kowace da hanyar maganinta. Akwai wadda suke kira difireshan: mutum ya shafe aƙalla mako biyu ransa a ƙuntace, ya rasa marmarin komai, barci da ci su lalace, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 5 cikin 100 na manya a duniya suna fama da ita. Akwai fargabar da ta wuce kima, gaba na faɗuwa ba dalili. Akwai wadda ake taƙaita sunanta da PTSD, mai bin bayan mummunan abin da mutum ya gani, ta riƙa dawo masa da shi a mafarki da farke fiye da wata guda. A 1980 likitocin Amurka suka sa ta a kundinsu, bayan abin da suka gani a jikin sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam. Akwai sikizofiriniya, mai sa mutum jin muryoyin da babu su da zargin ana binsa, tana kama kamar mutum ɗaya cikin 300. Akwai ruɗewar da ke kama mai jego a kwanakin farko bayan haihuwa, mace ɗaya ko biyu cikin dubu, wadda ke buƙatar asibiti a ranar, don ran uwa da na jariri. Akwai sambatun zazzaɓi, inda maleriya ko sanƙarau suka taɓa ƙwaƙwalwa, wanda in aka tsaya ana cewa hauka ne ko iska, ana iya rasa yaron kafin gari ya waye. Ga farfaɗiya, ita ba hauka ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta yawu kamar yadda ake faɗa.

Kada wani ya ce Hausa ce ta gaza. Muna da ƙunci, takaici, zulumi, fargaba, firgita, razana, ɗimuwa, gigita, zautuwa, ruɗewa, sambatu, waswasi, dannau, taɓuwa. Malaman zaure sun daɗe da sanin mai waswasin da zai maimaita alwala har jam'i ya wuce shi, kuma likita ma yana da babin wannan ciwo a littafinsa. Tun wajen shekarun 1970 masana irin su Murray Last da Lewis Wall suka zauna a ƙauyukan ƙasar Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara, suna rubuta yadda Bahaushe ke rarrabe ciwo da ciwo. Kalmomin suna nan a bakin mutane. Abin da ya rage shi ne a zauna a jera su daura da abin da likita ke nufi, a yarda a kan wacce ce ta wane ciwo.

Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan fassara sunayen cututtukan ƙwaƙwalwa zuwa Hausa, da yadda hakan ya shafi yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa.

Mu shiga ƙaramin asibitin ƙauye mu ga yadda abin ke kasancewa. Ma'aikacin lafiya saurayi ne, takardar da ke gabansa da Turanci take, yana karantawa yana juya ta Hausa a kansa, ga layi a waje. Dattijuwa ta kawo jikanta da aka sako daga daji. Takarda ta ce a tambaya ko yana jin muryoyi. Sai ya ɗaga kai ya ce, "Inna, yana jin magana?" Ta ce, "Wallahi ɗan nan, ko kaɗan ba ya jin magana tun da aka dawo da shi." Ita tana nufin ya zama mai taurin kai. Shi kuma ya rubuta cewa babu jin muryoyi, ya wuce tambaya ta gaba. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma an rubuta abin da ba a tambaya ba. Da ya ce, "Inna, kukan gan shi yana amsa wa wani alhali ba kowa a wurin? Yakan ce ana kiransa?" da ya ji labarin da ya zo nema.

Bayanta matar aure ta shigo, uwar mijinta na tsaye a kanta. Takarda ta ce a tambaya ko ta rasa son abubuwan da ta saba. Ya ce, "Kin daina jin sha'awa?" Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe fuska, surukar ta haɗe rai. Daga nan ba wata amsa ta gaskiya da zai ƙara samu. Tambayar da za ta buɗe bakinta ita ce ta rayuwarta: "Da can kina zuwa biki da suna, kina kitso da ƙunshi, kina 'yar sana'arki ta ƙuli-ƙuli. Yanzu ranki yana son yin su?"

Tambayar da ta fi kowace haɗari ita ce ta halaka kai. In ya ce, "Kin taɓa tunanin kisan kai?" zai iya yiwuwa ta ɗauka yana zarginta da niyyar kashe wani, don a Hausa wanda ya yi kisan kai wani ya kashe. In kuma ta gane nufinsa, amsar ita ce a'uzu billahi, domin addini ya hana, sannan kundin dokokin hukunta laifi na Final Kod da Arewa ta gada tun 1960 ya ɗauki yunƙurin hakan a matsayin laifi. Mai hikima yakan bi ta inda mutane ke bi da kansu: "Kin taɓa jin kin gaji da duniya? Kin taɓa cewa da ma ki kwanta kada ki tashi?" In ta ce e, sai ya matsa a hankali ya tambayi ko ta taɓa shirya wani abu. Likitoci sun tabbatar cewa yin wannan tambaya ba ya cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi yake samu da ya ga an ba shi damar faɗa.

Ƙari a kan wannan, tarbiyyarmu ce in an ce ya jiki a ce da sauƙi, ko da mutum yana kan gargara. Kunya da haƙuri sun hana mu kai ƙarar zuciya, sai mu kai ƙarar jiki: gabana na faɗuwa, ƙirjina ya yi nauyi, kaina na ɗaukar zafi, wani abu na yawo a jikina, jikina duk ya mutu. Wanda bai san cewa a nan ƙuncin rai ke ɓuya ba, sai ya ce taifot ne da maleriya, ko olsa, a yi ƙarin ruwa, a koma gida. Bayan wata guda a dawo, a sake sayar da akuya, a sake ƙarin ruwa. Kuskuren fassara yana da farashi, kuma talaka ne ke biyansa.

Akwai hanyar da masana suka shimfiɗa don kauce wa irin wannan. Ɗauki takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, wadda aka tsara a Amurka don auna ƙuncin rai. Tana tambayar abin da mutum ya ji cikin mako biyu da suka wuce, kowace amsa da makinta, jimilla daga 0 zuwa 27, kuma daga maki 10 ake fara ɗaukar abin da muhimmanci. Ka'ida ita ce a ba masu fassara su juya ta Hausa, sannan a ba wani da bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da Hausar Turanci, a kwatanta a ga abin da ya ɓace a hanya. Sai likitoci da masana harshe su zauna su daidaita. Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi amfani: a kai ta ƙauye a karanta wa mutane, a ce musu, "Me kika fahimta da wannan tambaya?" Ko ma'aunin lokacin sai an duba. Tsohuwar da ba ta bin kalanda ta fi gane "tun daga Juma'a biyu da suka wuce". Amsoshin ma sai an sa su a bakinmu: sam, jefi-jefi, sau da yawa, kusan kullum.

Wasu ƙasashe ma sun juya aikin, suka fara daga bakin marasa lafiya. A Zimbabuwe, cikin shekarun 1990, wani likita ɗan Indiya mai suna Vikram Patel da abokan aikinsa suka tattara kalmomin da masu zuwa asibiti da masu maganin gargajiya ke amfani da su a harshen Shona, suka gina tambayoyi 14 daga cikinsu. Kalmar da ta yi fice ita ce kufungisisa, wato yawan tunani. Daga 2006 Dokta Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibitocin Harare, suna sauraron masu yawan tunani suna taimaka musu warware matsala ɗaya bayan ɗaya. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da tsofaffin sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba. Wane Bahaushe ne bai san wannan magana ba? Tunani ya yi mata yawa. Tunani ne ya sa masa hawan jini. Muna faɗarta kullum, ba mu dai ɗauke ta zuwa asibiti ba.

Cewa suna yana canza hali ba zato ba ne. A Japan, tsohon sunan sikizofiriniya yana nufin ciwon tsagewar hankali, kuma muninsa ya sa likitoci da yawa ba sa iya gaya wa marar lafiya abin da ke damunsa. Iyalan marasa lafiya suka nemi a canza. A 2002 aka sauya shi da sunan da ke nufin rashin daidaituwar tunani. Cikin 'yan shekaru, yawan waɗanda ake gaya wa sunan ciwonsu ya tashi daga kusan kashi 37 cikin 100 zuwa kusan 70.

Ba sai mun je Japan ba ma. A nan Katsina, a asibitin Babbar Ruga, Dokta Kees Waaldijk ɗan ƙasar Holan ya shafe shekaru yana yi wa mata aikin yoyon fitsari. Sunan ya faɗi abin da ke faruwa, bai zagi kowa ba, kuma mace daga kowane ƙauye za ta iya cewa shi ke damunta a kai ta. Haka aka yi da ƙanjamau. Sunan yana zana mutumin da ya rame ya ƙare, ya sa mutane gudun gwaji. Gidajen rediyo da ma'aikatan lafiya suka dage da cewa cuta mai karya garkuwar jiki, har kunne ya saba. Abin da aka yi wa waɗannan biyu ana iya yi wa cututtukan ƙwaƙwalwa.

Ga shawarata, kuma shawara ce da ke jiran gwaji a bakin jama'a. A sa kalmar ciwo a gaban kowane suna, domin Bahaushe ya san ciwo ba laifin mai shi ba ne, kuma ana nema masa magani. Kafofin labarai sun saba da kiran difireshan da tsananin damuwa; a gwada ta tare da ciwon ƙuncin rai da ciwon yawan tunani, a ga wadda ta fi sa a kai mutum asibiti. A gwada ciwon fargaba, ciwon firgita, ciwon waswasi, ciwon ruɗewar tunani, ruɗewar jego. Sharuɗɗa uku ne ma'aunin. Shin sunan ya raba wannan ciwo da maƙwabcinsa? Shin mace za ta iya faɗa wa mijinta shi ya ba ta kuɗin mota, ba tare da ya ji an tozarta gidansa ba? Shin yana da nauyin da zai sa a tashi a nemi magani? Sunan da ya faɗi ɗaya daga cikin ukun, komai daɗinsa a takarda, a ajiye shi.

Sai dai a yi hattara da wani abu. Sunan PTSD na Turanci yana magana ne a kan abin da ya riga ya wuce. Sojan Amurka ya bar filin daga ya koma gida, tsoron ne ya biyo shi. Mutumin ƙauyen Sabuwa kuwa yana nan a inda abin ya faru, kuma ko a wuraren da aka yi zaman sulhu da 'yan bindiga, ba a daina kwana da kunne ɗaya ba. Wanda ya ji tawagar babura da tsakar dare ya kwashi 'ya'yansa ya shiga gona, lafiyarsa lau, hankali ne ya yi aiki. Ciwo yana farawa ne inda tsoron ya ƙi sauka ko a wurin da babu haɗari, ya hana mutum noma, karatu, ko kula da iyali. In mai fassara bai kiyaye wannan iyaka ba, za mu wayi gari mun mayar da gari guda marasa lafiya, mu ba su ƙwaya a maimakon tsaro.

Sai maganar aljanu da sammu, wadda ba a tsallake ta. Yawancin iyalai wurin malamin ruƙiyya ko mai magani suke fara zuwa, kuma ma'aikacin lafiyar da ya buɗe baki da cewa wannan duk camfi ne ya rasa su har abada. A jihar Gujarat ta Indiya, a garin Unava, akwai hubbaren wani waliyyi da ake kira Mira Datar, inda aka daɗe ana kai masu taɓin hankali. A 2008 aka buɗe ɗakin shan magani a wurin, aka raɗa wa shirin suna da kalmomi biyu da kowa ya sani a can, dawa da du'a, wato magani da addu'a, masu hidimar wurin kuma suka riƙa tura marasa lafiya ga likita. Ba hubbare nake tallatawa ba. Darasin shi ne an zaɓi sunan da bai ce wa kowa ya bar imaninsa a bakin ƙofa ba. A Nijeriya ma, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da marasa lafiya da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, yana aiki tare da masu maganin gargajiya. A 2020 Farfesa Oye Gureje da abokansa suka buga binciken da suka yi a Ibadan da Kumasi, wanda ya nuna cewa inda masu magani na gargajiya da na addini suka haɗa hannu da ma'aikatan lafiya, marasa lafiya sun fi samun sauƙi. Malam ya yi addu'arsa, likita ya ba da maganinsa. Inda ba za a yi sassauci ba shi ne duka, ɗauri da sarƙa, da horon yunwa. Mun ga irin waɗannan da aka tarar a gidajen mari na Rigasa a Kaduna, da Daura da Katsina, a 2019.

Doka ma yanzu tana gefen marar lafiya. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da ko sunanta dokar mahaukata ne. Sabuwar ta tanadi a nemi yardar mutum a kan maganin da za a yi masa, a kuma kare mutuncinsa. To ta yaya mutum zai yarda da abin da ba a faɗa masa da harshen da yake ji ba? Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a fiye da miliyan 200. Daga Sabuwa ko Faskari, ganin ƙwararre yana nufin tafiya Shika a Zariya, ko Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko birnin Katsina. Saboda irin wannan ƙarancin ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɓullo da shirin mhGAP a 2008, don a koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan cututtuka da fara maganinsu. Su ne za su riƙe kalmomin nan a baki, su da ungozoma da mai kemis da limamin unguwa.

Kiranmu ke nan. Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Katsina ta haɗa likitocin ƙwaƙwalwa da malaman Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero, su fitar da jerin sunaye da tambayoyi guda ɗaya da kowane asibiti zai riƙe. Kafin su rubuta komai, su je Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su saurara, mata su tambayi mata, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A buga shi da boko da ajami, a yi na Fulatanci, tunda rugage ma sun ga nasu tashin hankalin. A sa shi cikin karatun makarantar ungozoma ta Malumfashi da makarantun kiwon lafiya na jihar. Mu 'yan rediyo mu daina cewa asibitin mahaukata, masu shirya fim kuma su rage mayar da marar lafiya abin ban dariya.

Kai kuma mai saurare, in akwai wani a gidanka da ya shafe mako biyu ba ci ba barci ba walwala, ko yake maganar ya gaji da duniya, ko mai jegon da ta fara sambatu, kada ka jira a gama shawarar suna. Ka kai shi asibiti mafi kusa, ka faɗi abin da ka gani da idonka dalla-dalla: yaushe ya fara, me yake cewa, me ya daina yi. In an yi maka tambayar da ba ka gane ba, ka ce a sake ta da wata Hausar, haƙƙinka ne.

A nan muka kawo ƙarshen sharhin namu na yau. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya zaunar da yankinmu da ƙasarmu lafiya.